Ni da Kaban ɗin Adeer Guled

Ran Asabar ɗin da ta wuce, a mamak ɗin bayan tashar Sentul, wato shagon shayi da abinci, Khalifa, ɗaya daga cikin yaranmu 'yan makaranta, ya ɗaga jakar abin kiɗana ya jijjiga ya ce, "Baba Lawan, abin nan fa simple ne lah. Ka ba ni wata guda, kafin a koma makaranta na iya." Abokansa suka yi dariya, ni ma na taya su, na ce ya ƙarasa gurasarsa ta roti tukuna. Amma har na koma gida maganar na cina. Shi ya sa na ce bari in faɗa muku yadda sana'ar nan take, ku da kuke ganina a wajen biki zaune a kujera kamar mai hutawa da ƙwarya a cinya.

Abin da ke cikin jakar nan, Larabawa na ce masa ud, Malayu gambus, Somaliyawa kuma kaban. Ni kaban nake ce masa, don a bakin mutumin Somaliya na fara jin sunansa. Bayansa kamar rabin ƙwarya yake, da siraran katako aka haɗa shi, an lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Tsirkiyoyinsa bibbiyu suke tafiya, sai ɗaya mai kauri ita kaɗai a sama. Wuyansa sumul ne, babu layukan ƙarfen nan na jita da ke nuna wa yatsa inda zai tsaya. A jita ƙarfe ke riƙe maka murya. A kaban, in yatsanka ya goce da faɗin ƙwayar gero, duk tsohuwar da ke ɗakin ta ji, ko da ba ta tanka ba.

Ni ba gadon kiɗa na yi ba. Ɗan kafinta ne ni, daga Fagge. Wani Alhaji ne ya turo ni nan ƙasar Malayu in dubo masa kujeru da gadaje, harkar ta rushe ina nan, kunyar komawa hannu rabbana ta zaunar da ni. Na samu wanke-wanke a wani gidan abincin 'yan Yaman a Bukit Bintang. Wata Juma'a bayan la'asar ina kankare ƙanzon shinkafa, sai na ji kiɗa daga wajen masu cin abinci. Na tsaya cak da soso a hannu. Wallahi na ɗauka molo ne, na ɗauka wani mutumin gida ne ya ɓato ya shigo. Na leƙo da kumfa har gwiwar hannu, sai ga wani dogon mutum siriri, gemunsa ja da lalle, ya sunkuya a kan kaban kamar mai yi wa jariri raɗa. Shi ne Adeer Guled.

Daga baya na gane dalili. Kiɗan Larabawa na da ƙananan muryoyi a tsakankanin manya, waɗanda kunnenmu bai saba da su ba. Na Somaliyawa kuwa a kan muryoyi biyar yake tafiya, kamar namu. Bahaushe zai ji shi ya ji ƙamshin gida, alhali ko kalma ɗaya bai fahimta ba.

Aikin da ya fara haɗa mu kunne ne. Kunnuwa su ne 'yan turakun katakon da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya. Ɗaya ya tsage masa, na ga ya naɗe shi da zare yana lallaɓawa. Na ɗauki karyayyar ƙafar kujera a bayan kicin, na feƙe da wuƙa, na goge da samfefa, washegari na miƙa masa. Ya juya shi, ya sansana, ya zura a ramin. Ya zauna daram.

"Najjar?" ya tambaye ni da Larabci, wato kafinta.

Na ce eh. Larabcina na Islamiyya ne, nasa na tashar jirgin ruwa, Malayancinmu kuma duka biyu na sayen kifi ne. A haka muka ƙulla. Ya ce, "Kai ka kula min da katakon, ni in kula da kunnenka, adeer." Adeer a harshensu baffa ne. Na yi mamakin ya kira ni da shi, ashe al'adarsu ce, sunan da ɗa ke kiran baffa da shi, da shi baffa ke mayar masa.

Kun ce wata guda. Ni watannina na farko ko waƙa ɗaya ban kaɗa ba. Ɗaure tsirkiya kawai, a wani tsohon kaban na hannu da na saya. Sai in gama ɗaurewa, ya karɓa ya sassauta duka, ya miƙo min. Bayan nan sai risha, ɗan siririn abin da ake kaɗa tsirkiya da shi. Da can da gashin fiffiken mikiya ake yi, ko ƙahon sa. Shi da robar jarka yake yanke tasa, ya ƙarasa goge bakin a jikin wandonsa. Ƙasa, sama, ƙasa, sama, a tsirkiya ɗaya, har wuyan hannuna ya daina taurin mai riƙe guduma. Da aka zo hannun hagu, kafin in taɓa wuyan kaban sai na rera abin da baki. In na yi gaggawa ya riƙe min hannu.

"Rera tukuna. Abin da bakinka bai samo ba, yatsanka ba zai samo ba."

Yatsu suka yi bororo, suka fashe, suka fara kanta. Sai ruwan wanke-wanke ya riƙa jiƙa kantar yana cinye ta, kullum ina komawa baya. Ranar da ya duba hannuna ya ce in zaɓa, ko tukunya ko tsirkiya, ranar na bar gidan abincin. Na koma wani shagon kafinta a nan Sentul, inda aiki ke ƙara wa fata tauri.

Tarihinsa ban same shi a zama ɗaya ba. Gutsure-gutsure yake ba ni, a kan shayinsu mai citta da kanumfari. A Berbera aka haife shi, a bakin teku, mahaifiyarsa na sayar da turaren wuta. Wani kuku a jirgin da ke kai raguna Jidda ne ya fara ɗora masa kaban a cinya. Da hannunsa ya faɗa sai ya tafi Mogadishu, ya shiga makaɗan gidan rediyo, ya yi wasa a manyan dandali. Ya ce akwai lokacin da in ya shiga shagon shayi sai a kashe rediyo, a ce ga mai abin nan ya zo da kansa. Sai yaƙi. Ya fita da matarsa da 'yarsu Hodan da kaban ɗin a naɗe cikin mayafi. Matar ta rasu a sansanin gudun hijira a Yaman, yarinyar kuma gwaggonta ta ɗauke ta. A sansanin babu tsirkiya, da zaren kamun kifi ya riƙa ɗaurewa, yana zaɓen kauri daban-daban a wajen masunta. Daga can ya faɗo ƙasar nan da niyyar ya ɗan huta ya wuce. Hutun ya cinye kusan shekara talatin.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da ranarsa. Alli da busasshen sabulu na kunnuwa ne: in kunne na zamewa a shafa alli, in ya cije a shafa sabulu. Gam ɗin fata, wanda ake narkarwa a gwangwani cikin ruwan zafi, shi kaɗai nake sa wa kaban, don in an yi kuskure zafi na sake shi a gyara. Wannan gam ɗin na zamani da kuke saya a kedai, wato kanti, in ya kama ya kama, wanda zai zo bayanka sai dai ya tsine maka. Babban abokin gabarmu a garin nan danshi ne. Katako na shan iska ya kumbura, gam ya yi laushi, wuya ya sunkuyo. Wani malamin gambus daga Johor ya taɓa kawo min nasa, ya bar shi a mota rana ta dafa shi, sannan ya shiga da shi ɗaki mai sanyin na'ura. Haƙarƙarin bayan ya buɗe kamar bakin kifi. Sai da na bi tsagin da siririn ƙyalle daga ciki, ta ɗan ramin da yatsa biyu ba sa shiga.

Masu kiranmu iri-iri ne. Larabawa masu yawon buɗe ido so suke a kaɗa musu abin da suka baro a gida, da ƙarfi, suna tafi. Malayu na zama shiru har ka ɗauka ba su ji daɗi ba, sai an tashi wani ya zo ya riƙe hannunka da hannu biyu. Amma abincinmu na gaske bikin Somaliyawan Gombak ne, kuma ƙofar bikin Gombak Hajiya Sahra ce. Tsohuwa ce gajera mai kaifin ido, ba a ɗaura aure a unguwar ba ta sani ba. Adeer ne ya yi kiɗan bikinta a Mogadishu tana amarya, shi ya yi na 'yarta a nan.

Akwai bikin da ba na mantawa. Dangin ango 'yan arewacin ƙasarsu ne, na amarya 'yan kudu, kuma yaƙi ya bar abubuwa a tsakani. Ina bayansa ina riƙe masa kiɗan ƙasa. Ya shiga gabatarwar wata waƙa da muka sha yi, wadda ke ambaton sunan wani gari. Sai wani dattijo a sahun gaba ya ajiye kofinsa ya dafa sandarsa zai miƙe. Adeer bai ɗaga kai ba, amma kafin a kai baitin farko ya karkata kiɗan ya faɗa wata waƙar, ta ruwan sama da raƙuma, wadda kowa ke da rabo a cikinta. Dattijon ya koma ya zauna. A mota na tambaye shi yadda aka yi ya gani. Ya ce, "A garin da waƙar ke ambata aka kashe masa 'ya'ya. Sahra ta faɗa min, ni na sha'afa sai da na ji ƙarar kofin." Wannan ma sana'ar ce. Rabin kiɗa a ɗakin yake, ba a cinyarka ba.

Shekarar da korona ta shigo, ita ce shekarar da zai koma gida. Hodan ta girma ta yi aure ta koma Berbera, ta gyara masa ɗaki mai taga wajen teku, tana turo masa hotonsa a waya. Ya sha wahalar takardu har sun fito. Ya fara rabar da tukwanensa. Sai aka sa kulle. Jirage suka tsaya, gidajen abinci suka koma tapau kawai, a ƙunshe maka ka tafi da shi, biki kuwa ko maganarsa ba a yi. Makaɗi shi ne farkon wanda ake sallama, shi ne na ƙarshen da ake nema. Ni dai kafinta ya cece ni, mutane na zaune a gida suna karya kujeru ina gyarawa a barandata. Shi kuwa kwalin abincin masallaci da girkin Hajiya Sahra ne suka riƙe shi, a hawa na can sama a wani bene a Gombak, shi kaɗai da akwatinsa a ɗaure.

Wata safiya ya kira ni, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Adeer, jakin ya tashi."

Jaki shi ne ɗan katakon da ke manne a fuskar kaban, wanda duk tsirkiya ke ɗaure a jikinsa. In ya ɓalle, ƙararsa kamar an harba bindiga. Tsakanina da shi akwai shingen 'yan sanda, kuma gyaran kayan kiɗa ba ya cikin uzurin da ake ɗaga wa mutum ƙafa. Sai muka ba ɗan acaɓa mai kai saƙo. Ina tsaye a ƙofa na hango shi tafe, kaban ɗin da ya tsallake yaƙi da teku goye a bayansa tare da ledar abincin wani.

Na jingina waya a jikin gwangwani yana kallona. Na jiƙa tsohon gam da ruwan ɗumi, na kankare da reza a hankali don kada in ci fuskar, wadda kaurinta bai fi na kwali ba. Na ɗumama wajen, na shafa sabon gam, na zaunar da jakin a kan tsohon sawunsa. Ba a iya zura ƙarfen matsi ta ramin fuskar saboda adon sassaƙar da ya rufe shi, don haka na ɗora ƙaramin buhun shinkafa a kai.

"Ya yi nauyi," in ji shi.

"Bai yi ba, Adeer."

"Rage loma uku."

Na rage. Yana ta tari a ranar, ya ce ƙurar ɗaki ce.

Da gam ya kama na ɗaura sabbin tsirkiya, na kira shi in ce a turo mai babur. Ba a ɗauka ba. Da azahar Hajiya Sahra ta kira ni, ta ce motar asibiti ta tafi da shi, numfashi ya gagara, ga kuma ciwon suga da ma yana da shi. Ba a zuwa dubiya. Ba wanda ya san komai sai abin da wata nas ta ga damar faɗa. Kaban ɗin ya zauna a wajena makonni. Tunda nake tare da Adeer ban taɓa kaɗa nasa ba, kuma ban kaɗa ba. Na sassauta tsirkiyar, kullum da safe in fito da shi in goge in mayar.

Allah ya yi da sauran kwana, ya fito. Da aka sassauta kulle na hau jirgin ƙasa na kai masa da kaina. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, lallen gemun ya janye ya bar fari. Ya karɓa ya duba jakin ta gefe, ya gyaɗa kai. Ya ɗaure tsirkiya tsaf, jinsa na nan yadda yake. Sai ya ɗora hannun hagu ya fara. Muryar farko ta goce. Ya sake, ta sake gocewa. Ya ɗaga hannun yana kallonsa, yana murza babban yatsa a kan sauran.

"Kunnena na jin su," ya ce. "Yatsun ne ba sa jin tsirkiya. Kamar na sa safar hannu."

Likita ya ce masa wataƙila ya dawo, wataƙila a'a. Ya jingina kaban ɗin a bango, ya ce in dafa mana shayi, kada in cika citta.

Ba a jima ba aka ba da izinin ƙaramin biki, sai ga na jikar Hajiya Sahra. Ta aiko cewa Guled ya yi nata, ya yi na 'yarta, shi zai yi na jikarta, ba ta son jin wata magana. Bai faɗa mata komai ba. Na ce ko in je in yi mata bayani, ya ce a'a. Ranar bikin, a ƙofar ɗakin taron, ya cire jakar daga kafaɗarsa ya rataya a tawa.

"Yau kai ne hannu, ni ne baki."

Mutane kaɗan ne, kujeru nesa da juna, kowa da takunkumi. Ya zauna kusa da ni ya sauke takunkuminsa ya fara rerawa. Muryar na nan, amma numfashin ba ya kai shi ƙarshen baiti. A tsakiya sai ya yanke. Karo na farko ya shammace ni. Karo na biyu na gane inda zai tsaya tun kafin ya tsaya, daga yadda kafaɗarsa ke ɗagawa, sai in shiga da kaban in ƙarasa masa baitin, in ja shi in yi masa ado, in zagaya har na ga ƙirjinsa ya cika, sannan in sauke masa kiɗan a ƙafa ya taka. Muka tafi a haka waƙa bayan waƙa. Matasan wajen sun ɗauka salo ne. Hajiya Sahra ta janye takunkuminta ta rangaɗa guɗa. Da aka tashi ta zo wucewa ta gabana, ba ta kalle ni ba, ta ce a hankali, "Ka rufa masa asiri, ɗana. Allah ya rufa naka."

Da aka buɗe iyakoki ya tafi. Na raka shi KL Sentral, inda ake hawa jirgin ƙasa mai zuwa filin jirgin sama. Akwati ɗaya, sai kaban a bayansa. Ya ce katakon ya sha ruwa ya ishe shi, bari ya je ya bushe. Ya riƙe hannuna na hagu ya shafa kan yatsun, ko da yake na san ba ya jin su. Ya ce kada in yarda in yi wasa inda ake sa fiyano ya rufe ni. Ƙofa ta rufe, jirgin ya ja.

Bayan wasu watanni ya kira ni. Na tambaye shi gida. Ya ce gida lafiya, Hodan na kula da shi, jikoki na hawa masa wuya, tagar ma tana nan yadda aka ce. Amma ya ce unguwarsu ta zama shagunan waya, waɗanda suka san shi duk suna maƙabarta ko Turai. A biki yara na kawo fiyano da lasifika, su gaishe shi da ladabi su wuce.

"Adeer, waƙoƙin nan na kewa ne. Mutanen nan kuwa suna gida, me za su yi kewa? Masu jina duk na baro su a wajenka." Ya yi tari. "Wa ke aure a Gombak?"

Na faɗa masa, ɗan wane da 'yar wance, ran Lahadi da rana. Ya ce in na zauna in kira shi, in ajiye wayar kusa da ni, ba sai na yi magana ba.

Haka na yi, kuma haka nake yi har yau. In kun zo biki kun ga waya a kan kujerar da ke damana, kada wanda ya ɗauke ta ya zauna, da mai ita.

A wannan Lahadin ta farko, da na kaɗa ta ƙarshe mutane suka fara fita, na ɗauki wayar na kara a kunne. Ina jin iska na bugawa, da kukan akuya can nesa.

"Su wa suka yi guɗa?" ya ce. "Na ji muryar Sahra. Ɗayar fa?"

Na faɗa masa sunan matar.

"Ashe tana raye. Ka gaishe ta."

Na ce to, zan gaishe ta, sai an jima.

"A'a, kada ka kashe tukuna. Bar ni in ji ana tattara kujeru."

Na mayar da wayar kan kujerar, na shiga sassauta tsirkiya.